Wanda Ya Mirgino Gangar Mai

Da shekara goma ta kusa cika da harin Ashigashiya, wasu matasa na wata unguwa a Garwa suka zauna suka ce ya kamata a karrama matuƙan jiragen yaƙin ƙasa. Niyyarsu kyakkyawa ce, dalilinsu kuma mai ƙarfi. Duk wanda yake arewacin Kamaru a ƙarshen 2014 bai manta halin da ake ciki ba. Ranar 28 ga Disamba mayaƙan Boko Haram, waɗanda gwamnati ta ƙiyasta sun kai dubu, suka afka wa garuruwan kan iyaka, suka fi ƙarfin sojojin da ke barikin Ashigashiya. A ranar ne Kamaru ta fara sakar musu jiragen yaƙi. Sau biyu jiragen suka yi luguden wuta, maharan suka watse, barikin ya dawo hannu. Mutanen Garwa kuwa abin ya shafe su kai tsaye, domin sansanin sojan sama na 301 a garinsu yake, kuma yaran Yelwa da Pumpumre sun taso suna ɗaga kai duk lokacin da Alpha Jet ta tsaga sararin gari.

Aka kafa kwamiti, aka naɗa shugaba da ma'aji da sakatare. Sakataren saurayi ne mai ƙwazo, ma'aikacin wani ofishi, ya iya Faransanci, ya iya tsara takarda. Aka tara kuɗi aka ba da aikin lambobi goma sha biyu na tagulla, kowace da ƙyallenta kore da ja da rawaya. A zaman farko ba kowa a takardar sai matuƙa jirgi. A zama na biyu aka tuna da Alhajin da ya biya kuɗin ɗakin taro, aka ce ba zai yi kyau ya zo ya koma hannu rabbana ba. A na uku aka sa babban baƙon da zai shugabanci taron, da wakilinsa ko da shi bai samu zuwa ba. Haka abin ya riƙa tafiya, mai kujeru, mai lasifika, wanda ya yi alkawarin kawo 'yan talabijin, har guraben matuƙa suka koma uku. Daga ƙarshe shugaba ya ce a sa sakatare, tunda shi ke shan wahalar rubutu. Sakatare ya ɗan yi gardama, sannan ya rubuta sunansa a layi na goma sha biyu. Ba wanda ya yi haka da mugun nufi. Kara ce da jin nauyin manya, kuma kowane suna da aka ƙara yana da hujjarsa a ranar da aka ƙara shi.

Saura jawabin buɗe taro. Sakatare ya nufi Yelwa wurin kawunsa, wan mahaifiyarsa, tsohon malamin tarihi da ya yi ritaya. A ƙofar gidan wata mata ke suyar ƙosai kowace safiya. Ita da 'ya'yanta sun zo daga wani ƙauye a bayan Kolofata shekarun baya, Kawu ya ba su ɗakin da ke kusa da zaure. Sakatare ya sha sayen ƙosanta. Abin da ya sani game da ita bai wuce cewa mijinta ya rasu a rikicin ba.

Ya tarar da Kawu a zaure, ya durƙusa ya gaishe shi, ya miƙa masa takardar. Kawu ya sa tabarau ya karanta daga sama har ƙasa, ya sake komawa sama, ya ninke ta ya mayar masa.

"Madalla. Allah ya sa albarka."

"Amin, Kawu. So nake ka ba ni ɗan tarihi da zan buɗe jawabi da shi. Wani abu a kan jarumtar masu tuƙa jirgin yaƙi."

"Akwai kuwa, ɗana, kuma ba sai mun je nesa ba. Gyara zama."

Kawu ya fara daga 1940, shekarar da Faransa ta faɗa hannun Jamus, Janar de Gaulle ya koma Landan ba shi da ko taƙin ƙasa da zai kira tasa. Ranar 26 ga Agusta gwamnan Chadi, Félix Éboué, ya bi bayansa. Washegari wani hafsansa Leclerc, wanda ya shigo da dare a kwalekwale, ya karɓe Duwala. A ƙarshen shekarar aka haɗa wata 'yar rundunar jirage masu jefa bam a Fort-Lamy, garin da yau ake kira Njamena, tsallaken ruwa da Kuseri. Jiragen ƙirar Blenheim ne na Ingilishi, wasunsu daga Maiduguri aka kawo su. Aikin da aka ɗora musu shi ne su kai hari Kufra, sansanin sojan Italiya a kudancin Libiya, fiye da kilomita 1,500 daga Fort-Lamy.

"Ka auna abin a ranka," in ji Kawu. "Ƙarƙashinka ba gari, ba kogi, ba itace, rairayi ne iya ganinka. Taswirar da ke hannunka rabinta fari ne fat. In injin ya yi tari, ko ka kauce hanya kaɗan, ba bindigar maƙiyi za ta kashe ka ba, ƙishirwa ce. Sun san haka sarai, suka hau."

Ranar 5 ga Fabrairu 1941 ɗaya daga cikin jiragen ya ɓace a hamada da mutum uku a cikinsa, Claron da Le Calvez da Devin. Aka neme su aka rasa. Sai a 1959, bayan shekara goma sha takwas, masu sintiri suka ci karo da jirgin a cikin yashi, da ƙasusuwan mutanen kusa da shi.

Rundunar nan ita ce daga baya aka sa wa suna Lorraine, ta yi yaƙi a Libiya, ta koma Ingila tana kai hare-hare a kan Jamusawan da suka mamaye Faransa. Kawu ya ba shi labarin wani matuƙinta, Arnaud Langer, wanda a Janairun 1944 harbin ƙasa ya samu jirginsa, tarkace suka shiga idonsa ya daina gani. Mai duba masa hanya, Romain Gary, wanda daga baya ya zama shahararren marubuci, shi ma an ji masa ciwo a ciki. Da baki ya riƙa yi masa jagora, dama, hagu, sauko kaɗan, har makahon matuƙi ya sauke jirgin lafiya a Ingila. Dukansu biyu sun samu lambar 'yanto ƙasa, wadda de Gaulle ya ƙirƙiro a Brazabil ranar 16 ga Nuwamba 1940. Ranar 28 ga Mayu 1945 aka ba rundunar gaba ɗayanta wannan lamba.

"Sun cancanta," in ji Kawu. "Wallahi ko ni aka miƙa wa alƙalami, da na sa hannu ba jinkiri. Haka ma yaran nan namu na Ashigashiya. Wanda ya shiga ƙarfe ya tashi sama ya nufi inda ake harbinsa, ba a yi masa rowar yabo."

Sakatare na ta rubutu. Ya ɗago ya ce, "Wannan ya ishe ni, Kawu. Na gode."

"Da sauran magana. Ai ban gaya maka abin da jirgin ya sha ba."

Ya ƙwala wa wani yaro kira ya kawo musu ruwa. Ɗan mai ƙosai ne, bai fi shekara goma sha biyu ba. Ya ajiye kwanon ya durƙusa, wani tsohon usur na ƙarfe da ke rataye a wuyansa da igiyar takalmi ya bugi bakin kwanon. Ya mayar da shi cikin riga ya fita.

Kawu ya kurɓa ya ci gaba. Chadi ba ta da teku, a lokacin kuma ba ta da rijiyar mai. Duk litar da jiragen nan da motocin Leclerc suka ƙona, daga bakin teku aka jawo ta, wani ta Kongo da Bangi, wani ta Duwala, wani ta Nijeriya, wani kuma ta Binuwai zuwa nan Garwa, inda jiragen ruwa ke iyakancewa. Kogin ba ya ɗaukar manyan jirage sai 'yan watannin da damina ta cika shi, saboda haka aikin shekara a wata biyu ko uku ake yin sa, dare da rana.

"Kakanka, mahaifinmu, yana cikin leburorin bakin kogi. Ba shi ya kai kansa ba. Zamanin aikin dole ne, ana aiko wa mai gari cewa ana son mutum kaza, dogari ya bi gida gida, ba a tambayar ra'ayinka. Sai 1946 aka soke wannan doka. Ganga ɗaya lita 200 take ci. Ana shimfiɗa katako daga jirgi zuwa gaɓa, mutum biyu su mirgino ta, ɗaya ta gaba yana tarewa, ɗaya ta baya yana riƙewa. In rana ta take, ƙarfen ba ya taɓuwa, sai su naɗe tafin hannu da tsumma, tsumman ya jiƙe da fetur, fatar ta riƙa saɓulewa. Rannan na baya ya zame a kan katako mai laka, gangar ta taho ta danne hannun kakanka na hagu. Ka tuna hotonsa da ke ɗakin mahaifiyarka, wanda ya ɓoye hannu ɗaya cikin riga? Yatsu biyu ya bari a can. Aka ɗaure masa da tsumma, aka ce ya koma gida ya turo ƙaninsa."

Daga bakin kogi sai direbobi su karɓa, da yawansu 'yan Kamaru. Su kai Fort-Lamy, daga nan su nausa arewa zuwa Faya da gaba da Faya, inda mota kan nutse a yashi har gindi, a sauko a tona da hannu, a shimfiɗa faranti na ƙarfe ƙarƙashin taya, a tura, ta yi 'yan taku ta sake nutsewa. Motar da ke ɗauke da man ita kanta tana shan kaso mai tsoka kafin ta isa. Sannan ranar 21 ga Janairu 1942 jirgin Jamus guda ɗaya tak, bisa shirin wani hafsa mai suna Theo Blaich, ya ratso hamada daga Libiya ya jefa bama-bamai a kan ma'ajiyar man Fort-Lamy. Fiye da lita 300,000 suka tashi a wuta.

"Su ma Jamusawa sun yi ta yayata jarumtar nasu," in ji Kawu, "kuma ba ƙarya suka yi ba, tafiya ce ta kasada, har mansu ya ƙare a hanyar komawa suka sauka a daji. Amma wahalar wata da watanni ta mutane irin kakanka ce ta ƙone a 'yan mintoci. Da damina ta zagayo aka aiko wa masu gari cewa a ƙaro mutane."

Kufra kanta ba daga sama ta faɗi ba. Mutum wajen 400 Leclerc ya kai can, kuma masanin tarihi Eric Jennings da wasunsa sun nuna cewa 295 daga cikinsu 'yan Afirka ne. Ranar 1 ga Maris 1941 sansanin ya miƙa wuya. Washegari Leclerc ya sa mutanensa suka yi rantsuwa cewa ba za su ajiye makami ba sai tutar Faransa ta tashi a Strasbourg. Ta tashi kuwa, a Nuwamban 1944. Amma tun a 1943, da za a ba rundunar Leclerc sababbin kayan yaƙi na Amurka, aka tsame baƙaƙen sojojin daga cikinta. Mutum 1,038 ne suka samu lambar 'yanto ƙasa. Baƙaƙen Afirka a cikinsu ba su kai ashirin ba. A 1959 ɗin nan da aka tsinci jirgin da ya ɓata, a ƙarshen shekarar majalisar Faransa ta daskarar da fanshon tsofaffin sojojin ƙasashen da ke samun 'yanci, ba a gama daidaita shi da na Faransawa ba sai 2011, lokacin da yawancin masu shi suna ƙasa. Wannan duk a kan sojoji ke nan, masu lamba da kaki. Lebura kuwa ko littafin bai shiga ba.

Sakatare ya ajiye biro. Ransa ya ɓaci. "Kai, Kawu, mutanen nan azzalumai ne. De Gaulle ɗin nan ya ci amanarmu."

"Kada ka yi saurin zagi, ɗana. De Gaulle ina ya san kakanka? Yana can nesa, a kawo masa takarda ya sa hannu. Ni wanda nake yawan tunawa shi ne wanda ya rubuta takardar. Shi yana nan kusa. Kullum safe yana wucewa ta bakin kogi, yana ganin masu mirgina ganga, wataƙila ma ya taɓa aiken ɗayansu ya sayo masa goro. Kuma ban ɗauke shi mugu ba. Akawu ne, mai kyan rubutu, an ce masa gurabe kaɗan ne, manya na jira, lokaci ya ƙure. Ya cika takardarsa tsaf, ba kuskure ko ɗaya, ya kai aka yaba masa. Bai ƙi kowa ba. Bai dai tambayi sunan kowa ba."

Kawu ya jawo butarsa. "Rana ta yi, bari in kama alwala. Ka gai da mahaifiyarka."

A nan ya kamata mai karatu da ba ɗan yankin ba ya san wani abu. Bayan da jiragen yaƙi da sojojin ƙasa suka hana Boko Haram kama gari, sai suka sauya salo. Daga Yulin 2015 aka shiga zamanin ƙunar baƙin wake, a Fotokol, a Marwa, a Kerawa, a Kolofata, a kasuwanni da masallatai, sau da yawa da 'yan mata ƙanana da aka ɗaura wa bam. Jirgi ba shi da maganin wannan. Waɗanda suka tare shi 'yan sintirin ƙauyuka ne, manoma da mahauta da 'yan acaɓa, da kwari da baka, da adda, da tocila da usur. Su ke ɗaura igiya a bakin kasuwa suna laluba duk mai shiga. Su ke kwana a bakin gari, in sun hango fitilar babura daga duwatsun Mandara su buga wa soja waya. Matuƙi yana sama ba ya ganin fuska, dole wani a ƙasa ya gaya masa waɗannan su wane ne, kuma abin da ya faru a Rann ta Borno ranar 17 ga Janairu 2017, inda jirgin yaƙin Nijeriya ya jefa bam bisa kuskure a sansanin 'yan gudun hijira, ya nuna abin da ke biyo baya in labarin ƙasa ya zo a karkace. Hukuma ta raba wa 'yan sintirin nan kayan aiki da abinci, ba a ce ba a yi komai ba. Amma a ganina, ko kusa ba mu biya su abin da suke bin mu ba.

Sakatare ya fito ƙofar gida. Mai ƙosai ta gama suya tana kankare kasko. Ya tsaya, ya gaishe ta gaisuwar da ta fi ta kullum tsawo.

"Yaya, usur ɗin nan da ke wuyan yaron nan, na wane ne?"

"Na babansa ne, Malam."

Ya nemi wuri a kan benci ya zauna. Ba ta daina kankara ba, ta ba shi labarin a taƙaice, kamar wadda ta riga ta gama kukansa tuntuni. Ranar kasuwa ce, mijinta ne ke kan igiya. Wata yarinya ta taho, ya ce ta tsaya ta ƙi. Ya busa usur, ya yi wa mutane ihu su gudu. Kowa ya yi baya, shi ya yi wajenta, ya tare ta nesa da rumfunan hatsi. Su biyu kaɗai suka mutu. Usur ɗin a gefen hanya aka tsinta. Bayan 'yan watanni aka zo da dare aka ƙone ƙauyen.

Ya tambaye ta cikakken sunan mijin da na mahaifinsa da na ƙauyen, ya rubuta a bayan takardar. Ya yi mata bayanin taron da lambobin. Ta saurara har ya gama.

"Allah ya saka da alheri, Malam. Lambar nan tana zuwa da takarda mai hatimi?"

"Me ya sa kika tambaya, Yaya?"

"Yaron nan yana aji shida. Shugaban makarantarsu ya ce in ba takardar haihuwa ba zai zauna jarrabawar fita ba. Tamu ta ƙone da ɗaki. Na je an ce sai kotu, sai shaidu. Na ce ko takardar taku za ta nuna ɗan wane ne."

Ya ce mata ba za ta nuna ba, amma ya san hanyar da ake bi.

A zaman kwamiti na gaba ya karanta musu sunan, ya faɗi abin da mutumin ya yi. Aka yi ta salati, aka yi masa addu'a. Sannan shugaba ya ce, "Sakatare, maganarka gaskiya ce, amma lambobi goma sha biyu ne, kuma duk an sanar da masu su. Wa za ka je ka ce wa an fasa?" Wani ya ce a bari sai baɗi a yi wa 'yan sintiri nasu taron daban. Wani ya ce asali ma taron na matuƙa jirgi ne, kada a cakuɗa. Sakatare ya ce in na matuƙa jirgi ne, to su uku ne a takardar. Ba wanda ya amsa. Ya ja layi a kan na goma sha biyu, ya rubuta sunan mai usur a gurbin, ya tura takardar tsakiyar tabarma ya ɗora biro a kanta. Ta zagaya hannu hannu ta dawo masa, sauran sunaye takwas suna nan yadda suke.

Batun kotu ya fi haka wuya. Ana son shaidun da suka san haihuwar yaron, kuma mutanen ƙauyen sun warwatsu. Mai ƙosai ta ce ta ji labarin ungozomar da ta karɓi haihuwarsa tana Mora wurin 'yarta, mai unguwarsu ma an ce yana can. Rajistar jarrabawa kuma ta kusa rufewa. Ran Litinin sakatare ya nemi izinin kwana biyu a wurin aiki, ya hau motar Marwa, daga can ya nemi ta Mora.